Canja kanel a sabar da ke nesa ba tare da ciniki ya tsaya ba

Tambaya: Ina sayar da data da katin waya a Farm Centre, Kano. Manhajata tana kan sabar Linux, wato kwamfutar da nake haya a Jamus. Yaron da ke kula min da ita ya ce a canja kanel. In ta ƙi tashi fa?

Amsa: Alhaji, tsoronka yana bisa hanya. Kanel ne ke haɗa manhaja da kayan na'ura. In sabon bai gane katin netwok ko faifan ajiya ba, SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, ba za ta buɗe ba, kuma babu mai danna maɓalli daga Kano. Barin tsohon ma haɗari ne, domin ta tsofaffin ɓaraka ɓarayin intanet ke shigowa. A canja, amma sai an tanadi hanyar komawa.

Kafin komai, a ɗauki cikakken kwafin sabar, a kuma sauke bayanan kuɗin kwastomomi wani wuri daban. Yaron ya shiga allon gaggawa na kamfanin hayar (hanyar shiga sabar ko da SSH ba ta aiki) a gabanka, ka ga yana aiki. Daga kwafin nan ya tayar da sabar gwaji wadda ake biya awa-awa, ya fara jarrabawa a can. Kwatanta kuɗin da cinikinka na awa guda, za ka ga araha ce.

Ranar aikin, kada a goge tsohon kanel, a kuma duba ko /boot, inda ake ajiye kanel, bai cika ba. A /etc/default/grub, fayil ɗin saitin GRUB mai zaɓar kanel ɗin da zai tashi, ya sa GRUB_DEFAULT=saved, ya ƙara panic=10 a layin kanel, ya gudanar da update-grub, ya kafa tsohon da grub-set-default, sannan ya zaɓi sabon da grub-reboot, ya sake kunna sabar. Sabon zai tashi sau ɗaya tak. In ya ruguje, bayan daƙiƙa 10 na'urar za ta sake tashi da tsohon. Hattara: in /boot yana kan LVM ko RAID (tsare-tsaren haɗa faifan ajiya), GRUB ba ya iya share wannan zaɓin, sai sabar ta yi ta komawa kan sabon.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne kanel ya tashi lafiya amma babu netwok, inda panic ba ta da amfani. Maganinsa layi ɗaya a crontab, jadawalin ayyukan da sabar ke yi da kanta: @reboot /sbin/shutdown -r +15, wanda zai sake kunna ta bayan minti 15 ta koma kan tsohon. In ya samu shiga, ya soke da shutdown -c cikin minti 10 na farko, saboda a minti 5 na ƙarshe root, wato babban mai iko da sabar, kaɗai ake bari ya shiga. Ya tabbatar sabon ne ke aiki da umarnin uname -r, ka sayi data ta naira 100 da hannunka, sannan ya cire layin.

A yi shi bayan ɗayan dare, ba ƙarshen wata ba, ba jajibirin Sallah ba, a kuma sanar da dillalanka tun da rana. Ka biya shi rabin kuɗin aiki, ragowar sai sabar ta yi mako lafiya, lokacin ne zai mayar da sabon ya zama na dindindin.