Amsa ga 'yar uwar da 'yarta ta ce gara ta mutu

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun bayan la'asar na karanta tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce 'yarki mai shekara 14 'yan ajinsu sun sa ta gaba da gorin ƙiba, har hotonta suke yawo da shi a gurup ɗin WhatsApp, shekaranjiya kuma ta ce miki gara ta mutu ta huta. Kina tambaya ko yarinta ce. Don Allah kada ki ɗauki maganar nan a yarinta. Ni haka na ɗauka, saura ƙiris in rasa ɗana.

A Agege muke. Lokacin yana JSS 2, yana da in'ina, ga shi shi kaɗai ne Bahaushe a ajin. Da ya buɗe baki sai a hau kwaikwayonsa, ana "aboki, aboki". Ranar da ya kawo min ƙara, abin da na ce masa har yau yana ci min rai: kai ba namiji ba ne, ka rama mana. Babansa ya ce ai duk mun sha irinta. Daga ranar bai sake faɗa mana komai ba, mu kuwa muka zaci abin ya wuce.

Sai ciwon ciki duk safiyar Litinin, Asabar da Lahadi kuwa garau. Abincin da nake zuba masa a kula yana dawowa yadda na zuba shi. Wata rana ina wanki na ga an zana kan saniya da biro a bayan farar rigarsa, ya yi ta dirza wurin da ruwa har ya koma shuɗi. Amma takalmin ƙwallonsa ne ya tsinka min zuciya. Takalmin da ko taɓawa ba ya bari a yi, ya miƙa wa ƙaninsa, ya ce shi ba zai ƙara buƙatarsa ba.

Maƙwabciyata nas ce, ita ta ce in tambaye shi ƙarara. Na ce ina tsoron in sa masa abin a rai. Ta ce tambaya ba ta dasa wannan tunani, hanyar magana take buɗewa. Bayan isha'i na zauna a gefen katifarsa na ce, "Ɗana, kana tunanin kashe kanka?" Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Likitar da ta duba shi ta fahimtar da ni cewa yawancin yaran da ake ci wa zali ba sa kaiwa nan. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan tsangwamar ta daɗe ta haifar da ciwon damuwa, barci ya ƙaurace, yaro ya fara ganin kansa ba a bakin komai ba, a gida kuma ba mai sauraronsa. Ta 'yarki ta fi ta ɗana tsanani ta fuska guda: shi in an tashi makaranta yana samun sarari, ita waya na biyo ta har kan gado. Kuma ba mu kaɗai ba ne. UNESCO ta ce a 2019 kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya yana shan cin zali a makaranta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa kashe kai a na uku cikin abubuwan da ke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29.

Ki tambaye ta yau da daddare. Kada ki fara da wa'azin wuta, ta san haramun ne, kunyar hakan ma na iya rufe mata baki. Ki kulle maganin ƙwari da duk ƙwayoyin gidan, kada a bar ta ita kaɗai kwanakin nan. Kada ki ƙwace wayar kamar ita ce mai laifi, ki ɗauki hoton saƙonnin, ke da babanta ku kai wa shugaban makarantar a rubuce. Mu sau biyu muna zuwa ana ce mana wasan yara ne, sai muka canja masa makaranta.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), Idi-Araba, akwai SURPIN, shirin hana kashe kai da aka kafa a 2017. In abu ya taso cikin dare, ki kira lambar agajin gaggawa 112, ko 767 in kina Legas. Na san yadda mutanenmu ke jin sunan Yaba, ni ma sai da na ɓoye wa dangi. Ba hauka ba ne, ciwo ne, kuma muna addu'a muna kai shi asibiti.

Yanzu yana SS 3, in'inar na nan, amma ya koma buga ƙwallonsa. Allah ya ba 'yarki lafiya. In kin yi magana da ita, ki dawo ki faɗa mana yadda ta kwana.