Ku Tambaya a Ba Ku Amsa: Haɗin Kan Malamai da Koyar da Adalci a Lakkol

Wasiƙun wannan fitowa duk daga jihar Tawa suka zo, kuma tsofaffin malamai da masu ba da shawara kan koyarwa ne suka zauna suka amsa su.

Assalamu alaikum. Ni mushe ne, wato malamin lakkol, a wani ƙauye na gundumar Keita. Mu shida ne daga lakkol huɗu muke son haɗa kai mu riƙa koya wa yara adalci da ƙin wariya. Sau biyu muka zauna, kowa ya yi jawabi, muka watse, amma ba abin da ya sake a aji. Ta ina za mu kama?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da wannan niyya. Zamanku bai haifar da komai ba domin kun shiga da baki, ba ku shiga da abin da kuka gani a ajinku ba.

Kada ku fara da kafa sabuwar ƙungiya mai shugaba da ma'aji da hatimi. Kuna da CAPED, taron da malaman lakkol na kusa da juna ke yi don ƙara wa juna sani. Ku je wurin mai jagorantarsa da mai ba ku shawara daga ofishin sufeto, ku roƙi awa guda cikin kowane zama. Wannan zai kare ku, don maganar da aka rubuta cikin ajandar CAPED ba wanda zai ce siyasa ce ko tada zaune tsaye.

Kafin zama na gaba, kowane malami ya ware kaye guda ya yi ƙirga na kwana biyar. Abu huɗu zai rubuta: wa ke shara da ɗebo ruwa, wa ke kan benci wa ke ƙasa, wa ya yi fashi kuma wace rana, sannan wa ake kira ya ba da amsa. Na ƙarshen nan ba ka iya ƙirga shi da kanka kana tsaye gaban allo. Abokin aikinka zai zauna bayan aji na minti 30, ya zana yadda yara suka zauna, duk wanda ka kira ya ɗiga masa alama. Idan ya miƙo maka takardar, ka duba da kyau. Sau da yawa alamun sun taru a layi biyu na gaba, kusurwar baya fayau. Can ne ɗan makiyayi yake, wanda ya shigo lakkol a makare kuma Hausarsa ba ta nuna ba, balle Faransanci, da yarinyar da ke isowa bayan ta gama daka. Malami bai yi haka da gangan ba. Yana bin wanda zai ba shi amsa da sauri ne don darasi ya tafi. Amma yaron da aka yi wata uku ba a kira sunansa ba ya riga ya koyi matsayinsa, ko da an rubuta masa kalmar adalci da jan alli.

A zaman, ku baje takardun ku zaɓi abu ɗaya tak. Misali shara: a yi jadawali a manna a ƙofa, ƙungiya biyar, kowace da maza da mata, kowace da ranarta. Ko kiran suna: a rubuta sunan kowane yaro a guntun kwali, a zuba cikin gwangwani, a riƙa zarowa. Ku yi mako shida a kai, ku sake ƙirga, ku kwatanta. Masu ɗaukar abu biyar a tashi ɗaya, kafin hutun Disamba sun ajiye duka.

Zaman ya riƙa zagayawa daga lakkol zuwa lakkol. Mai masauki ya yi darasi na minti 30 da yaransa na gaskiya, a tattauna minti 15. Ƙa'idar tattaunawar ita ce a faɗi abin da yara suka yi, ba a gyara wa malami Faransancinsa gaban mutane. Wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya sake buɗe ajinsa, musamman sabon ɗan kwantaragi da ke jin kowa ya fi shi.

Kada ku wuce mutum goma sha biyu, kuma kada tafiya ta fi awa guda a kan moto. Ku guji ranar kasuwa. Kowa ya kawo dala ɗari a zama, don mai da alli da shayi. Idan wani aikin tallafi ya zo da kuɗin zama, ku sa shi cikin takarda da kayan aiki, domin taron da ya saba da ambulan na kuɗi yakan mutu ranar da ambulan ya ƙare. Kayen rahoto kuwa a bar shi a ofishin darakta. Ana canza wa malamai wurin aiki a farkon shekarar karatu, kuma in kaye ya bi mutum cikin jakarsa, aikin shekara ya tafi ke nan.

Sau biyu a shekara ku kai sakamakon gaban kwamitin kula da lakkol na CGDES, wanda aka fi sani da COGES. A nan jihar Tawa aka fara gwada zaɓen mambobinsa da ƙuri'ar sirri a 2004, cikin wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa, kafin a baza tsarin a ƙasa baki ɗaya. Su ke tsara aikin lakkol na shekara, don haka in matsalar benci ce ko tabarmi, wurinsu za a samo ta.

Ina koyar da CM2, ajin ƙarshe na firamare, a yankin Ƙonni. Wani yaro ya ce wa ɗan ajinsu "ɗan bayi", ya ƙi shan ruwa da moɗar da ya sha. Na tsawata masa, amma na san daga gida ya ɗauko. Yaya zan koyar da wannan ba tare da na tona asirin kowa ba? Malama ce ƴar'uwarku.

Malama, kin yi daidai da kika tsawata nan take, kin kuma yi daidai da kika ji tsoron tonon asiri. A ranar da abin ya faru kada a yi darasi a kai, don duk aji zai juya ya kalli yaron da aka zaga, ya sha zagi biyu. Ki kira kowannensu shi kaɗai. Ki bari mako ya wuce.

Abin da ba a yi ko kusa: tambayar yara asalin gidansu, ko sana'ar kakanninsu, ko sa wani ya fito a matsayin bawa cikin wasan kwaikwayo. Sunan yakan manne wa yaro har ya bar lakkol.

Ki fara da ƙwaryar fura. Ki zana ta a tsakiyar allo, ki ce yara su lissafo duk hannun da ya taɓa ta kafin ta iso baki. Za su kawo manomin gero, da makiyayin da ya tatso nono, da maƙerin da ya ƙera hauya, da masassaƙin turmi, da mai gyaran ƙwarya, da matar da ta yi daka. Sai ki riƙa share suna ɗaya-ɗaya kina tambaya ko furar za ta samu. Minti 25 ya isa. Su da kansu za su gane cewa sana'o'in da ake ƙyamar auren masu yin su su ne ke riƙe da gari.

Darasi na biyu na doka ne, kuma ya dace da CM2 da ƴan kwaleji, ban da ƙananan aji. Tun 2003 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ki ba su labarin Hadijatu Mani, ƴar wannan jiha, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke cewa ƙasa ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ki tsaya kan sayarwar da aikin dole da shari'ar, sauran abin da ta sha ba na kunnen yara ba ne.

Kafin darasin nan ki sanar da darakta, ku je tare ku gaida maigari ku faɗa masa. Uban da ya fara jin labari daga bakin ɗansa da dare zai zo da safe a fusace. A taron iyaye kuwa a roƙi liman ya yi magana kan aya ta 13 ta Suratul Hujurat da matsayin Sayyidina Bilal, don daga bakinsa ta fi shiga. In kuma kika gano wani yaro na cikin bauta ta gaske, kada ki yi bincike ke kaɗai. Ki kai wa darakta, a nemi hukuma ko ƙungiyar Timidria, wadda ke wannan aiki tun 1991.

Ni uwa ce cikin ƙungiyar iyaye mata ta lakkol ɗinmu a Madawa. Wata yarinya mai ƙoƙari ta daina zuwa, an ce an karɓi kuɗin aurenta. Malamai sun ce ba ruwansu.

Hajiya, da ruwansu. Dokar gwamnati ta 5 ga Disamba 2017 ta ɗora wa hukuma da lakkol nauyin kare yarinya mai karatu da tallafa mata, kuma ƙa'idojin da suka biyo baya a 2019 sun ba wadda aka aurar ko ta samu ciki damar ci gaba da karatu. Amma kada ku shiga gidan da takardar doka a hannu. Ku biyu ku je wurin uwar tukuna, ku ji dalili. Wani lokaci uban ya tafi bida, ba mai tallar da za a ci, wani lokaci tsoron kwalejin da ke nesa ne da rashin gidan da za ta sauka. Kowanne da maganinsa, kuma na biyun ana warware shi in an samo mata amintaccen mai riƙo. In magana ta ƙi, sai darakta da shugaban CGDES su kai ta gaban maigari ko hakimi.

Ku roƙi malamai su riƙa ba ku sunan duk yarinyar da ta yi kwana uku a jere ba ta zo ba. A mako na farko ana iya maido ta. Bayan an sa rana abin ya yi wuya ƙwarai.

Mun buɗe zaure a WhatsApp, mu arba'in daga Abalak har Buza, yanzu sai gaisuwar Juma'a ake turowa. Mu rufe?

A'a, Malam, ku ba shi aiki. Mutum biyu su riƙe shi, su riƙa aiko tambaya ɗaya kowace Litinin, a amsa da murya kada ta wuce minti biyu, tunda wasu sai sun hau tudu suke samun layi. Ƙarshen wata a tattara amsoshin a shafi guda a kai CAPED. Hoton fuskar yaro da sunansa kada su shiga zauren, ko da yabonsa za a yi. Hoton allo da na jadawalin shara sun wadatar.