Ina haddace darasin sosiyoloji amma maki ya ƙi hawa

Ɗan'uwa, ka ce sau biyu kana zama konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, a Yamai, kana hadda har dare, amma makinka bai kai 10 bisa 20 ba. A ganina hadda ce ta yi yawa, aiki da ita ya yi kaɗan.

Mai gyaran takarda so yake ya ga ka ɗora ka'ida a kan abin da ke gabanka. Idan ka kawo Durkheim, Bafaranshen masanin sosiyoloji (ilimin zamantakewa), da bincikensa na 1897, inda ya danganta kisan kai da raunin zumunci, kar ka tsaya nan. Dubi fadar samari a unguwarku, butar shayi a kan gawayi: me ke riƙe su tare? Dubi gidajen Tawa da mazansu suka tafi cirani, wa ke yanke shawara yanzu? A nan maki yake.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wa'azi ko ra'ayin kai a madadin hujja. Nemi tsofaffin tambayoyi, ka rubuta amsa ɗaya kowane mako da agogo a gabanka. Sannan ka kai wa malamin sosiyoloji na Jami'ar Abdou Moumouni ya duba maka tsarin, don abokin karatu ba zai hango inda hujjarka ta karye ba.