Tayar ciki tana juyawa a banza a kwana: wane LSD zan sa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Mazda MX-5 mai injin lita 1.8, wadda tayoyin baya ke tura ta, kuma difarenshal ɗinta na gama-gari ne. Duk sanda na taka totur ina fitowa daga kwana mai tsanani, sai tayar baya ta ɓangaren ciki ta yi ta juyawa a banza, inji na kuka, mota ba ta gaba. An ba ni shawarar sa LSD. Yawanci a titi nake tuƙa ta, sai jefi-jefi nake kai ta filin tsere. Wane iri zan saya, kuma aiki ne da zan iya yi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka daidai ce, kuma motarka lafiyarta ƙalau. Abin da kake gani halin difarenshal na gama-gari ne. Difarenshal shi ne tarin giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin biyu da ke tura mota. A kwana, tayar waje tana cin hanya mai tsawo fiye da ta ciki, don haka dole a bar kowacce ta juya da nata saurin. Wannan aikin difarenshal na gama-gari yana yin sa da kyau. Sai dai kullum yana raba ƙarfin juyi daidai wa daida, ma'ana abin da taya mai rauni ta iya ɗauka shi ne iyakar abin da ɗayar za ta samu. Da ka shiga kwana nauyin mota yakan koma kan tayar waje, ta ciki ta yi sako-sako, ta fara santsi, ita kuwa ta wajen da ta kama ƙasa sosai ba a ba ta abin kirki. LSD, wato difarenshal mai taƙaita santsi, yana hana tayoyin biyu rabuwa da yawa a sauri, sai ƙarfin ya karkata zuwa wadda ta kama ƙasa. Tsohuwar dabara ce: tun 1935 kamfanin ZF na Jamus ya ƙera irinsa don motocin tsere na Auto Union.

Iri uku za ka ci karo da su. Na farko mai ruwan silikon ne a ciki, irin wanda aka sa wa wasu MX-5 na farko masu injin 1.6. Ka bar shi. Sai taya ta riga ta fara santsi yake kamawa, ruwan kuma yana lalacewa da shekaru, har tsohon ya koma kamar babu shi.

Na biyu shi ne mai faifan kuloci. Wannan ya fi kowanne riƙo, kuma ko taya ɗaya ta tashi sama yana ci gaba da tura ɗayar, saboda akwai matsi da aka ɗaura masa tun daga saiti. Akwai wanda ke kamawa lokacin taka totur kaɗai, akwai mai kamawa sosai a totur da ɗan kaɗan idan ka ɗaga ƙafa, akwai kuma mai kamawa daidai a duka biyun, wanda masu jan mota a karkace ke so. Amma kana biyan kuɗin wannan riƙon kullum. Yana ƙwas-ƙwas idan kana juyawa a hankali wurin ajiye mota, yana son a riƙa canja masa mai akai-akai, faifan suna cinyewa, kuma mai ƙarfin riƙo yakan sa hancin mota ya ƙi shiga kwana. Ga mai zaman filin tsere ba komai ba ne. Ga mai hawan titi kullum, cikin ɗan lokaci kaɗan zai gaji da shi.

Na uku shi nake ba ka shawara: mai haƙoran giya masu murɗiya, irin Torsen ko Quaife. Babu faifai a ciki, ba ya yin ƙara, ba ya buƙatar man musamman, kuma yana kamawa a hankali gwargwadon yadda ka taka totur. Torsen ne Mazda da kanta ta riƙa sa wa wasu MX-5 masu injin 1.8 tun 1994, shi ne a Honda S2000, shi ne kuma a Toyota GT86 da Subaru BRZ. Rauninsa guda ne. Ninkawa yake yi: idan ninkinsa 2.5 ne, tayar da ta kama ƙasa za ta iya samun har ninki biyu da rabi na abin da mai santsin ke ɗauka. In mai santsin ta tashi sama gaba ɗaya, abin da take ɗauka sifili ne, sifili kuwa ko sau nawa ka ninka shi yana nan sifili. A titi mai kwalta da wuya ka shiga wannan halin.

Batun sawa kuma, hanya biyu ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Mai sauƙin ita ce ka samo difarenshal sukutum da gidansa daga wata MX-5 mai 1.8 da ta zo da Torsen, ka sauke naka ka ɗora wancan. Wanda ya saba da sifana, yana da jak da matokarai masu ƙarfi, zai iya. Ka kwance farfela, wato sandar da ke kawo juyi daga akwatin giya zuwa difarenshal, ka zare shaf biyu na tayoyi, ka sauke, ka mayar, ka sa sabbin sil da sabon man giya GL-5 75W-90. Ka yi wa farfela alama kafin ka kwance ta don ta koma yadda take. Abin lura shi ne lissafin giyar ƙarshe, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, domin waɗannan motoci sun zo da 4.10 da 4.30 da 3.91, gwargwadon shekara da akwatin giya. Idan ka tashi daga 4.10 ka koma 4.30, mota za ta fi zafin tashi, inji zai ƙara juyi da kusan kashi 5 cikin ɗari a kowane gudu, allurar gudun ma za ta yi maka ƙarya da gwargwadon haka. Kada kuma ka yarda da gwajin nan na ɗaga mota a juya taya ɗaya a ga inda ɗayar ta nufa. Yana aiki ga mai faifan kuloci, inda tayoyin ke bin hanya guda, amma Torsen yakan nuna kansa tamkar na gama-gari. Ka leƙa cikinsa da idonka kafin ka biya.

Hanya ta biyu ita ce sayen sabon LSD a sa shi cikin gidan da kake da shi. A nan nake cewa ka dakata. Za a cire babban zoben giya daga tsohon a ɗaura shi kan sabon, da gam ɗin noti da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a danna sabbin boris da injin matsi. Wannan duka mai sauƙi ne. Wahalar tana wurin saita ɗan wasan da ke tsakanin haƙoran zoben da na ƙaramin giyar da ke juya shi. Wasan nan bai wuce kusan milimita 0.1 ba, kaurin gashin kai ke nan, kuma da agogon awo ake auna shi a wurare da dama a kewayen zoben, ana bin adadin da ke littafin motar. Hannu ba ya jin sa, duk abin da wani zai gaya maka. Makaniki mai hankali yana auna wasan tun kafin ya kwance komai, ya rubuta, ya mayar da shi daidai, domin haƙoran sun riga sun saba da juna a haka. Daga nan ya saita matsin boris, ya shafa fenti a haƙoran ya juya, ya ga ko tabon ya faɗa tsakiyar haƙori. In wasan ya matse da yawa, zafi da kuka; in ya yi sako-sako, ƙwanƙwasa duk sanda ka taka ko ka ɗaga ƙafa. Kukan giyar da aka saita ba daidai ba kuwa ba ya warkewa, don haƙoran sun riga sun ci juna. Kafin ka ba wa kowa aikin, ka ce ya nuna maka agogon awonsa. In ka ga dama ka sauke difarenshal ɗin da kanka, ka kai masa shi kaɗai.

Saura abin da masu sayarwa ba sa faɗa. A da, idan ka wuce gona da iri a totur, tayar ciki ce ke santsi, ta waje tana riƙe da gindin mota a kan hanya. Da LSD, duka biyun za su iya sakin ƙasa tare, sai gindin ya zame gefe, musamman a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Motarka gajera ce mara nauyi, juyawarta ba ta jira. Ka fara gwada ta a filin tsere ko fili da aka keɓe, kana ƙara totur kaɗan-kaɗan bayan sitiyari ya fara miƙewa. Tayoyin baya su zama iri ɗaya, girma ɗaya, iska ɗaya. In ta baya ta yi faci, ka ɗauko ta gaba ka sa a baya, 'yar ƙaramar safaya ta koma gaba, domin taya biyu masu bambancin girma suna sa LSD aiki ba hutu har ya yi zafi.