Kamfanonin wuta da gas na haɗiye juna a Birtaniya: wa zai ji a jikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Birmingham da iyalina kusan shekara goma ke nan. Da muka zo, npower ne ke ba mu wuta da gas. Ba mu nemi canji ba, sai kawai muka ga sunan E.ON Next a kan takardar biyan kuɗi. Daga baya maigida ya mai da mu Shell Energy, ba a daɗe ba sai ga wasiƙa wai mun zama na Octopus. Shin wannan haɗiyar junan ba za ta kai ga kamfanoni biyu ko uku su haɗa baki su tsawwala mana farashi ba? Me ya sa gwamnati take ƙyale su?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, amma kafin mu kai gare shi bari mu raba abu biyu da mutanenmu kan cakuɗa. Kamfanin da ke aiko miki da takardar kuɗi ba shi ne mai wayar da ta shigo gidanki ba. A Birmingham, wayoyin na National Grid ne, bututun gas kuma na Cadent, ko da sunan wa ke kan takardar. Shi npower ko Octopus ɗan sari ne: ya sayi wuta da gas da yawa a babbar kasuwa, ya sayar miki kaɗan-kaɗan, ya karanta mita, ya karɓi kuɗi. Shi ya sa duk canjin nan da aka yi miki, ko ƙwan lantarki ɗaya bai ɗauke ba. A Kano kuwa KEDCO ne mai wayar, shi ne kuma mai takardar, ba inda mutum zai koma in ya gaji da shi. A Birtaniya an buɗe ƙofar zaɓi ga gidaje tun wajen 1998 zuwa 1999, kuma duk maganar gasa a kan wannan ƙofar take.

Shekaru masu yawa kamfanoni shida ne suka riƙe kusan dukkan gidajen: British Gas, EDF, E.ON, npower, ScottishPower da SSE. A watan Nuwamba na 2017 biyu daga cikinsu, SSE da npower, suka ce za su haɗa harkarsu ta gidaje wuri ɗaya. Hukumar kula da gasa a kasuwanni, CMA, ta tsayar da maganar ta yi bincike mai zurfi, a Oktoba na 2018 kuma ta ce su je su haɗe. Dalilinta shi ne abin da nake so ki riƙe. Hukumar ba ta tsaya kan cewa shida za su koma biyar ba. Tambayar da ta yi ita ce: waɗannan biyun, suna rige-rigen kwastoma ɗaya ne? In wani ya bar SSE, npower yake nufa? Sai ta gano cewa kaɗan ne ke yin haka. Wanda ya tashi barin babban kamfani yawanci araha yake nema, kuma a lokacin akwai kamfanoni sama da 70 da ke tallata ta. Kamar manyan dillalan shinkafa biyu ne a kasuwa, kowa da tsofaffin masu sayensa da ba sa zuwa ko'ina. In sun haɗe rumfa, mai yawon tambayar farashi bai rasa komai ba, don dama ba wurinsu yake zuwa ba.

Abin dariyar, bayan duk wannan wahalar, su da kansu suka fasa a Disamba na 2018. Gwamnati ta kawo dokar ƙayyade farashi, lissafin riba ya daina fita. Amma kowannensu ya sami mai ɗauka ta wata hanyar. E.ON ta karɓe innogy, uwar kamfanin npower, a wata musayar kadarori da kamfanin makamashi na RWE a Jamus a 2019, aka sanar da rage ma'aikata kusan 4,500, aka kwashe ku zuwa E.ON Next. SSE kuma ta sayar da harkarta ta gidaje kimanin miliyan 3.5 ga kamfanin OVO a kan fam miliyan 500, aka kammala a Janairu na 2020. Shell ta miƙa wa Octopus gidaje kusan miliyan 1.4 a ƙarshen 2023, kuna cikinsu.

To farashi fa? Nan ne nake ganin mutane ke kallon gefen da ba shi ba. CMA ta yi wani babban bincike daga 2014 zuwa 2016, a lokacin da ƙananan kamfanoni ke ta ɓullowa. Ta tarar cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwastomomin manyan shidan nan suna kan farashin gama-gari, wato wanda ake jefa duk mutumin da yarjejeniyarsa ta ƙare bai zaɓi wata ba, kuma shi ya fi tsada. Ta ƙiyasta cewa gidaje na biyan rarar kusan fam biliyan 1.4 a kowace shekara. Ga kamfanoni birjik, ga araha a fili, amma tsoho mai fansho da baƙon da bai gama gane Turancin wasiƙar ba suna zaune suna biyan tsada. Yawan masu sayarwa bai tsinana musu komai ba, tunda ba su motsa ba. Wannan ne ya haifi iyakar farashin da Ofgem, hukumar da ke kula da kamfanonin wuta da gas, ta fara aiki da ita ranar 1 ga Janairu 2019, wadda a lokacin ta kama fam 1,137 a shekara ga matsakaicin gida. Ki lura, abin da aka ƙayyade shi ne kuɗin kowane ma'auni da kuɗin da ake cira kullum ko ba ki kunna komai ba. Jimillar takardarki ba ta da iyaka, gwargwadon shanki gwargwadon biyanki. Tun Oktoba na 2022 duk wata uku ake sake lissafin. Saboda haka ko kamfanoni sun ragu, ba su da ikon ɗaga farashin gama-gari yadda suka ga dama, haɗa baki a kan farashi kuma laifi ne mai tara mai nauyi.

Raguwar da ta fi taɓa aljihunku ma ba ta hanyar ciniki ta zo ba, ta hanyar karyewa ta zo. A 2021 farashin gas a babbar kasuwa ya ninka sau da yawa. Ƙananan kamfanonin da suka yi ta alkawarin araha ba tare da sun sayi gas ɗin tun da wuri ba, wasu ma da kuɗin ajiyar kwastomomi suke juyawa, sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Daga tsakiyar 2021 zuwa tsakiyar 2022 kamfanoni 29 suka durƙushe, abin ya shafi gidaje kusan miliyan 4. Bulb, mai gidaje sama da miliyan ɗaya da rabi, ya yi girman da sai da gwamnati ta riƙe shi shekara guda kafin Octopus ta karɓa a Disamba na 2022. Kuɗin kwashe kwastomomin sauran, kusan fam biliyan 2.7, an raba shi a kan takardar kowa, wajen fam 94 kowane gida, har da waɗanda ba su taɓa barin babban kamfani ba. Ni dai tun daga nan na daina tafa wa yawan kamfanoni don yawansu kawai.

Amma kada a ce na wanke haɗewar tas. A 2025 an sake komawa hannun manya shida, wasu sunaye ne kawai suka canza, kuma suna riƙe da wajen tara cikin goma na gidaje. Octopus, wanda aka kafa a 2015, ya wuce British Gas ya zama na ɗaya, kuma wani babban kaso na girmansa saye ne da gado. Iyakar farashi tana kare wanda ya zauna, amma ba ta tilasta wa kowa ya sauko ƙasa da ita. Mai saukowa shi ne kamfani mai yunwar kwastoma, kuma duk wanda aka haɗiye cikin irinsu, an rage mai karya farashi ɗaya. In babu masu yunwa, sai kowa ya jingina da iyakar, ta zama ita ce farashin kasuwa. Sannan akwai wahalar da ba ta fitowa a lissafin hukuma: kwashe miliyoyin asusu daga wannan kwamfuta zuwa waccan, inda lambar mita kan ɓata, a aiko wa mutum takardar ƙiyasi, ya kwashe rabin yini a waya.

Don haka duk ranar da irin wannan wasiƙar ta sake shigowa, Hajiya, ki ɗauki wayarki ki je wurin mita, ta wuta da ta gas, ki ɗau hoton lambobin yadda kwanan wata zai fito. Ki ajiye takardar ƙarshe ta tsohon kamfanin, musamman layin da ya nuna rarar kuɗinki a wurinsu, ki gwada da ta farko ta sabon. In saye aka yi, yawanci yarjejeniyarki ta tsayayyen farashi tana bin ki har wa'adinta ya cika. In karyewa ce, rarar kuɗinki tana nan a kare, amma tsohon farashin ya tafi, kuma kina da 'yancin barin kamfanin da aka ba ki ba tare da tarar fita ba. Haka nan a kwana 49 na ƙarshen kowace yarjejeniya ba a cajin kuɗin fita, nan ne lokacin da ya dace ke da maigida ku zauna ku gwada farashin wasu. In kuma kin kai ƙorafi aka yi mako takwas ba a warware ba, akwai ofishin sasanta rikicin makamashi mai zaman kansa da za ki kai ƙara kyauta, hukuncinsa kuma dole kamfanin ya bi in kin amince da shi.