Kafin a ɗora bene a kan ajin da ya tsage a Gadarif

TAMBAYA

Injiniya, barka da aiki. Ni usta ne, wato babban magini, a nan Gadarif ta gabashin Sudan, na haura shekara ashirin ina gini. Kwamitin wata kanisar Katolika, wato coci, wadda 'ya'yana biyu suka yi firamare a makarantarta, sun kira ni aiki. Tun da yaƙi ya koro mutanen Kartum da Madani zuwa garin nan, ranar Lahadi rabin jama'arsu a tsakar gida suke tsayawa, azuzuwa kuma sun cika maƙil. Suna so a rushe bangon gefe ɗaya a faɗaɗa kanisar, a kuma ɗora bene a kan azuzuwa huɗu na jan bulo. Sai dai bangon azuzuwan ya tsage a kusurwa, tsagar tana buɗewa da rani, ta rufe da damina. Fada, limamin kanisar, ya ce a cike ta da siminti a ci gaba. Maganar addini na riga na yi da malamina, ba ita nake tambaya ba. In karɓi aikin yadda suka tsara shi?

Wani usta daga Gadarif

AMSA

Usta, barka kadai. Ka karɓi aikin, amma ba yadda suka tsara shi ba. Benen nan kada ka yarda da shi, bangon gefen kanisa kuma ka bar shi inda yake.

Ka riga ka faɗi ciwon da bakinka: tsaga mai buɗewa da rani, mai rufewa da damina. Wannan ba laifin bulo ba ne, ba kuma laifin wanda ya jera shi ba. Ƙasa ce ke motsi. Baƙar lakar da ta mayar da Gadarif rumbun dawa da riɗi ita ce dai ke karya bango. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke har ta dare, ka san darewar da ake gani a gona a watan Afrilu, wadda hannu ke shiga har gwiwar hannu. Ƙarfin da take turowa sama in ta kumbura yakan fi nauyin gini marar bene, sai ta ɗaga shi, kuma ba ta ɗaga shi daidai wa daida. Wani gefen ya tashi, wani ya zauna, bango ya rabu a inda ya fi rauni, wato kusurwa da kan taga. Mutanen garin da suka riƙe bukkar ciyawa ba talauci kaɗai ya sa su ba, bukka tana bin ƙasa in ta motsa, jan bulo ba ya bi.

Saboda haka in ka cike tsagar da siminti da rani, damina na zuwa ƙasa ta kumbura, tsagar ta nemi rufewa ta tarar da siminti ya tokare ta, sai ta ɓalle a wani wuri kusa. Ka yi aiki biyu ke nan.

Abin da za ka fara yi ba ya cin kuɗi. Ka kankare yaɓen a gefe biyu na tsagar, ka manna ɗan guntun gilashi a gicciye da jibs, farin garin nan na yaɓe, ka rubuta kwanan wata a bango da fensir, ka auna faɗin tsagar ka rubuta. In gilashin ya fashe, ginin yana motsi har yanzu. Tsagar da ba ta kai milimita 5 ba gyaran yaɓe ce in an tsayar da sanadinta. Wadda ta wuce milimita 15, wadda ɗan yatsa ke shiga, wannan sai an rushe sashen an sake. Ka kuma lura ta ina ta fi faɗi. In ta sama ta fi buɗewa, galibi kusurwar ce ke sauka ko tsakiyar ginin ke tashi.

Daga nan ka zaga ginin kana neman ruwa, ba tsaga ba. Na taɓa duba wata makaranta da aka sha gyara kusurwa ɗaya sau uku. Da na tsaya wurin lokacin tara, sai ga yara sun yi layi a gindin randuna uku da aka jera a jikin bangon, kowa ya sha ya watsar da sauran a nan. Ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa ba, alhali mita biyar daga nan akwai bishiyar dalbejiya tana tsotse ɗaya kusurwar. Gefe ɗaya a kumbure, gefe ɗaya a tsuke. Ka duba irin wannan: famfo mai yoyo, indararo mai zuba a gindin bango, shadda da aka haƙa kusa, da furannin da ake shukawa a jikin bangon kanisa ana ba su ruwa safe da yamma. Na san masu furannin ba za su ji daɗi ba, amma a mayar da su cikin tukwane. Bishiya kuwa, a bar tsakaninta da bango tazarar da ta kai tsayinta in ta girma. Tsohuwar bishiyar da ke nan kada a sare ta dare ɗaya, domin ƙasar da ta saba tsotsewa za ta sake shan ruwa ta kumbura. A riƙa rage mata rassa.

Sannan a zagaye ginin da daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, mai gangara waje, a sa wa kwano magudana ta kai ruwan nesa. Ruwan Gadarif a 'yan watanni yake sauka, daga Yuni zuwa Oktoba, kuma rufin aji huɗu yana tara shi duka ya zube a layi ɗaya. Kuɗin daɓen nan ya fi kowane kuɗi amfani a aikin gaba ɗaya, shi ne kuma kwamiti zai fara cewa a cire don ba ya ɗaukar ido.

Yanzu benen. Wani a kwamiti zai ce maka ai nauyi danne ƙasa yake yi, bene ma taimako ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ga ginin da aka zana shi tun farko da ginshiƙan kankare da harsashi mai zurfi. Ka haƙa rami biyu ko uku a jikin bangon azuzuwan ka ga abin da ke ƙasa. Tsofaffin azuzuwa irin waɗannan yawanci harsashin dutse ne marar zurfi, bulon ma wani lokaci da laka aka jera shi, siminti a fuska kawai. Daɓen bene na kankare mai kaurin santimita 12 yana da nauyin kusan kilo 300 a kowace murabba'in mita, ban da bangon sama da benci da yara hamsin masu tsalle. Bangon da ya kasa riƙe kansa ba za a ɗora masa wannan ba, ana zaunar da 'ya'yan mutane a ƙarƙashi. In fili ya yi kaɗan har ba makawa sai bene, to sabon gini ne mai ginshiƙansa, da zanen injiniya da gwajin ƙasa. In akwai fili, a jera sababbin azuzuwa a ƙasa, mita 7 a mita 8 yana ɗaukar yara 45 zuwa 50, tagogi kudu da arewa don rana, silin mai tsayi don zafi.

Harsashin sabon gini a baƙar laka hanya biyu aka fi bi. Ko dai a sauke ginshiƙai su wuce zurfin da damina da rani ke taɓawa, wanda a wurare da yawa ya kai mita biyu ko fiye, a haɗa kawunansu da bim, wato kankaren da ake kwantarwa a gicciye, a bar rata tsakanin bim ɗin da ƙasa don in ta kumbura ta sami wurin zuwa. Ko kuma a kwashe lakar a cike da ƙasar da ba ta kumbura, ana dankare ta hawa-hawa, santimita 15 zuwa 20 kowane hawa. Gwajin ƙasa ne zai raba gardama. Ramin harsashi kada ya kwana biyu a buɗe rana na dukansa.

Kanisa kuwa, ka ɗaga kai ka kalli rufin. A dogon zaure irin wannan, ƙarafan da ke ɗauke da kwano a kan bangayen gefe suke zaune. In ka cire bangon gefe, ka cire ƙafar rufin, sai an tokare shi an gina ginshiƙai da bim a madadinsa, jama'a kuma su wayi gari da ginshiƙai a tsakiyarsu suna tare musu bagade. Bangon ƙofar shiga shi ne ba ya ɗaukar nauyi mai yawa. Ta nan za a ƙara tsawo. Ka gina sabon sashen a waje da harsashinsa, ka rufa shi, sai a ƙarshe a buɗe tsohon bangon, ta haka sujadar Lahadi ba za ta tsaya ba sai mako ɗaya ko biyu. Kada ka saƙa sabon bulo cikin tsohon. Tsohon gini ya gama zama, sabo bai fara ba. Ka bar rata santimita 2 zuwa 3 tsakaninsu tun daga harsashi har rufi, ka toshe da abu mai laushi. Ƙofofi su buɗe waje, a ƙara ɗaya a gefe.

Wani abin da ya sa na zaɓi wajen ƙofa shi ne ba za ka taɓa wajen bagade ba. Kusa da shi za ka ga ƙaramin akwati kulle, da fitila da ba ta mutuwa a gefensa. A nan suke ajiye tsarkakakkiyar gurasarsu, babu abin da ya fi shi girma a wurinsu cikin ginin. Ka gaya wa leburorinka kada wanda ya jingina tsani ko ya ɗora kwanon siminti a wurin. In aiki ya kai can, Fada ne zai kwashe abin da ke ciki da hannunsa.

Takardu. Cocin Katolika ba kamar masallacin unguwa ba ne da dattawa za su zauna su yanke magana. A Sudan dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, biyu ne, Kartum da El Obeid, Gadarif kuma ƙarƙashin Kartum take. Dokar cocinsu ta 1983 ta ce aikin da ya wuce hidimar yau da kullum sai da izinin bishop a rubuce, ta kuma wajabta wa kowace ikilisiya kwamitin kuɗi. Ka nemi ganin takardar, Fada kuma shi zai sa hannu a yarjejeniya, ba shugaban kwamiti ba, don shi ke wakiltar ikilisiyar a shari'a. A dokar tasu kuɗin da aka bayar don wani abu ba a juya shi zuwa wani, saboda haka ka raba lissafin makaranta da na kanisa. Ka kuma tabbatar da takardar fili da izinin gini na hukuma. A zamanin Bashir an rushe coci-coci a Kartum da hujjar rashin takardu, ba kuma wanda ke biyan magini ladan ginin da aka rushe.

Da yadda kuɗin Sudan ke faɗuwa tun Afrilun 2023, kada ka yi jinga da kaya a wuyanka. Su sayi siminti da rodi, kai ka karɓi kuɗin hannu mataki-mataki, in ta Bankak ne, manhajar tura kuɗi ta Bankin Kartum, ma ya fi, don akwai shaida. Ka sa kuɗin ruwa a lissafi tun farko, ka fi ni sanin abin da mai amalanken jaki ke karɓa a Gadarif da rani, kankare kuma yana son ban-ruwa aƙalla kwana bakwai.

Lokacin haƙa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba, ba ta kuma bushe ƙamas ba. Harsashin da aka zuba a watan Mayu a kan busasshiyar laka, ruwan farko zai ɗaga shi. Sai dai a Oktoba da Nuwamba leburori suna gonakin riɗi da dawa, ba za ka same su da arha ba. Ka sa ranar fara haƙa a Disamba, gilashin nan kuma ka manna shi gobe.