Furen Daji a Bakin Teku, da Albasar da Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba

Wata ɗaliba da ke karatu a gabashin Ingila ta aiko da tambaya: furannin da take gani sun fito da kansu a gaɓar teku, daidai ne ta kira su furen daji, alhali babu daji a wurin, sai rairayi da duwatsu?

Daidai ne, 'yata. "Na daji" a Hausa bai tsaya ga wuri mai itatuwa ba. Duk abin da ba hannun mutum ne ya shuka shi ko ya kiwata shi ba, na daji ne, shi ya sa muke da zabon gida da zabon daji. Kada dai ki ce gyauro, domin gyauro shi ne abin da ya sake tsirowa a gona daga amfanin bara, asalinsa shuka ne.

Sunayen tsirran ɗaya bayan ɗaya kuwa, ba mu da su, kuma ban ga dalilin ƙirƙira da ƙarfi ba. Siffanta su kawai. Doguwar ciyawar nan mai naɗaɗɗen ganye da suke kira marram, ki ce ciyawar tudun rairayi, don saiwarta ce ke ɗaure tudun, kuma yashi na binne ta tana ƙara tsawo. Ɗan furen nan mai ruwan hoda da ke fitowa dunƙule-dunƙule a kan duwatsun gaɓa, wato thrift, shi ne aka zana a bayan tsabar kuɗin Ingila ta taro mai kusurwa goma sha biyu daga 1937 zuwa 1952. Yaran yanzu ma sai an gaya musu cewa taro kwabo uku ne.

Tambayarta ta biyu a kan "albasa ba ta yi halin ruwa ba" ce. Ruwa ne ya rayar da albasa, shi ba wari ba yaji, ita kuwa ta fito tana sa mai yankanta hawaye. Ana faɗarsa idan ɗan mutumin kirki ya tashi da mugun hali. Na kan ji wasu suna amfani da shi a kan rashin kama ta fuska, wannan kuskure ne, maganar hali ake yi.

Tunda kina kusa da fadamun gishiri na yankin Norfolk da ke gabashin Ingila, je ki ɗanɗana samphire, wadda masana ke kira Salicornia. Ba ta da faffaɗan ganye, sai 'yan gaɓoɓi kore shar cike da ruwa, kuma ruwan teku na malale ta idan ya cika. A lokacin zafinsu ake tsinkarta, a tafasa, a sa man shanu a ci da kifi, ba a ƙara gishiri. A da ana ƙona ta, a yi gilashi da sabulu da tokarta. Ita kam ta yi halin ruwan da ya raine ta, amma kada ki juya karin maganar domin yabo, Hausawa ba sa cewa "albasa ta yi halin ruwa".